Ranar da Na Kashe Inji

Sulafa ta faɗa mini ne ranar Lahadi muna karin kumallo, ba ta ko ɗago kai daga kofin shayinta ba.

"Baba, ranar Alhamis za mu yi naɗin kiɗanmu a faifai. In abin ya fito yadda nake jin sa a kaina, to na san ana iya aiki a garin nan, zan zauna. In bai fito ba, zan amsa wa mutanen Berlin."

Na ajiye gurasar da ke hannuna. Na san takardar mutanen Berlin ɗin. Wata biyu ke nan tana kan firji, an danne ta da kwalbar zaitun, kullum na zo ɗaukar ruwa sai na kau da ido. Sun ba ta ɗaki da aikin shekara biyu. Haka aka ba yayanta Nizar shekara biyu a Kanada, yau shekararsa bakwai, abin da ya bar mini shi ne sunan da ake kirana da shi, Abu Nizar. Mahaifiyarsu kuma ta rasu tun kafin ya tafi. Sulafa ce kaɗai ta rage mini a gidan.

"A ina za ku yi naɗin?" na ce.

"A zauren tsohon gidan nan na jikin rumfar injinka. Na samo makulli daga wajen masu shi."

"Jikin rumfata? Duk faɗin Beirut?"

"Nan nake so."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar ni da shayi yana hucewa.

Shekara ashirin da biyu ke nan ina kula da injin wutar layinmu a unguwar Basta. Injin na Haj Taufik ne, ni dai nawa in tayar, in kashe, in ba shi mai, in saurare shi. Wutar gwamnati takan leƙo awa biyu ko uku a yini, ba ta da lokaci. Akwai jan ƙwan fitila a bangon rumfa, in ya kama to ta zo, sai in juya babban makunni in kashe inji ya huta. Sauran awoyin kuwa, gidaje ɗari da tamanin da shaguna goma sha ɗaya duk a wuyansa suke.

Kowa yana son wutarsa, ba mai son muryarsa. Ana zagina daga bene, ana zagina a layin gurasa. Matata har ta koma ga Allah tana ɗaure kai da ƙyalle saboda shi, don tagar ɗakinmu a saman rumfar take. Sulafa tana shekara biyar na fara aikin. Takan zauna a bakin tagar nan tana bin injin da hanci, mmm, mmm, har uwarta ta kore ta. Wata rana ta leƙo ta ce, "Baba, yau muryarsa ta sauka." Na duba, matatar mai ce ta toshe. Lokacin har alfahari na yi.

Sai da ta gama makarantar kiɗa hankalina ya tashi. Celo ta koya, babban gogen nan da ake tsayarwa tsakanin gwiwoyi. Na zaci za ta riƙa kiɗan da mutum zai kaɗa kai, a riƙa kiranta bukukuwa. Sai ta kawo mini faifanta na farko, wanda wasu samari masu buga faifai kaɗan-kaɗan suka fitar. Ba ni da na'urar sa shi, na kai wa mai askin layinmu. Ya sa, muka jira. Shiru, sai wani ƙiii kamar ana jan kujerar ƙarfe a kan siminti, sai shiru, sai kamar ƙuda ya shiga kwalba. Mai aski ya bubbuga na'urar, ya fito da faifan ya hura masa iska, ya goge da rigarsa, ya mayar.

"Abu Nizar, an cuce ka. Mayar musu da kayansu."

Ban ce masa na 'yata ba ne. Daga ranar na sa a raina cewa injin nan ne ya ɓata mata kunne, kuma ni na zaunar da ita a kansa. Har wajen likita na kai ta, na ce ta raka ni a duba kunnena, da muka je na roƙe shi ya duba nata. Ya ce nata ya fi nasa. Ban yarda ba.

Ranar Laraba suka kawo kaya. Garo ne mai naɗin, wani dogon Ba'armeniye daga unguwar Burj Hammud, gemunsa ya fara furfura amma gajeren wando yake sawa. Na leƙa da sunan kai musu gahawa. Zauren ba komai sai kujeru uku da wayoyi a ƙasa. Garo ya rufe kunnuwansa da abin sauraro, yana riƙe da makirfo a kan sanda, yana bin bangon da ya raba su da injina taku-taku. Ya tsaya, ya yamutsa fuska, ya girgiza kai, ya matsa gaba. Ya durƙusa ya kara makirfon a gindin bangon, ya sake girgiza kai. Ya kira Sulafa ya sa mata abin a kunne, ita ma ta ciji leɓe.

Na tsaya da tire a hannu. Ƙasan zauren rawa take yi a tafin ƙafata, kofunan da ke kan tire suna ta bugun juna.

"Sannu da ɗawainiya, Ammo," in ji Garo, haka ake ce wa dattijo a nan, wato kawu. "Wannan dabbar taka shekararta nawa?"

"Ta girmi wandonka."

Ya yi dariya. "Ba ta barci?"

"Sai in gwamnati ta ga dama. In jawo muku wuta?"

"A'a, da batir nake aiki. Wutar layi tana shigo mini da datti a naɗi."

Na haɗiye wannan ma. Na ja Sulafa gefe.

"'Yar Baba, injin nan fa?"

"Me ya yi?"

"Kin san abin da ya yi."

"Baba, ka yi aikinka kamar kullum. Kada ka taɓa komai. Ka ji? Komai."

Da sauri ta faɗa, tana kallon wani wajen. Na san wannan halin, na uwarta ne. In abu ya dame ta kuma ba ta so ta kunyata ka, sai ta ce ba komai. Ta san injin ba nawa ba ne, shi ya sa ba za ta roƙe ni abin da ba ni da iko a kai ba. Haka ni dai na fassara.

Kafin in fito na ji tsarinsu a bakin Garo. Ƙarfe ɗaya za su fara. Kiɗan minti ashirin da huɗu ne. Su uku ne, Sulafa, da wata yarinya mai goga sanda a bakin farantin tagulla, da Basil mai busa baƙar sarewa, wanda jirginsa zai tashi da yamma, biyu da rabi dole ya bar wajen. In Garo ya rataya jan ƙyalle a marikin ƙofa, an fara ke nan.

Minti ashirin da huɗu. Na koma rumfa ina juya shi. Hanya ɗaya ce ake kashe inji ba gwamnati ta kawo ba, ita ce canjin mai. Shi ma nakan jira jan ƙwai ya kama ne in yi shi ba wanda ya sani.

Na iske Haj Taufik a shagon gahawa na kusa da masallaci, yana jan carbi da hannu ɗaya yana danna waya da ɗayan.

"Haj, gobe zan canza mai."

"Canza mana, in gwamnati ta kawo."

"Ƙarfe ɗaya na rana. Ko ta kawo ko ba ta kawo ba."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ƙarfe ɗaya. A watan Agusta. Ka yini a rana ba hula ne?"

"Man ya yi baƙi, Haj."

"Shekaranjiya ka ce mini zai kai Litinin."

"Na sake dubawa."

"Munir," ya ce. Ba ya kiran sunana sai ya gane ƙarya nake yi. "Rabin awa. In suka zo ƙofata da zagi, zan ce musu gidanka ya fi kusa."

A ƙa'ida takarda nake mannawa a ƙofar kowane bene. Wannan karon ban manna ba, kada Sulafa ta gani ta hana ni. Da baki na bi su. Na ce wa mahauci kada ya buɗe firjinsa. Na ce wa mata su yi wanki da safe, su cika tankunan ruwa da safe, su kashe na'urar sanyaya ɗaki kafin ɗaya. Mai aski ya ce, "In bar mutum da rabin kai?" Na ce ai almakashi ba ya cin wuta. Har aka kira magariba ina hawa ina sauka, gwiwata tana ƙara.

Wanda ya fi damuna Ustaz Rafik ne, tsohon malaminmu na lissafi, da ke hawa na biyar. Da na'ura yake numfashi. Da safiyar Alhamis na ɗauki batir ɗin babbar mota guda biyu na hau da su, ɗaya bayan ɗaya, ina hutawa a kowane hawa.

"Gaisuwa ka zo ko awon likkafani?" ya ce ta cikin robar hancinsa.

"Rabin awa ne kawai, Ustaz. Waɗannan za su riƙe ka awa uku."

"Kai da ka faɗi lissafi sau biyu a hannuna, kai ne za ka ce mini awa uku?"

Na haɗa masa, na gwada sau biyu a gabansa, na'urar ba ta ko yi tari ba.

"Saboda wa kake wannan wahala?"

"Sulafa. Za su naɗi kiɗa."

"Wannan da nake ji kamar ana yanka ƙofa?" Ya rufe ido. "Je ka. In na mutu a ce kiɗa ne ya kashe ni. Ba a taɓa yi ba a danginmu."

Tun sha biyu na jera komai, bokiti, sabon mai, sabuwar matatar mai, mazurari. Na ciro sabon bel ɗin inji ma na rataya a kafaɗa, don tsohon ya kwana biyu yana wani siririn kuka, na ce tunda za a tsaya bari in canza shi gaba ɗaya. Na zauna, na tashi, na leƙa layi, na dawo na duba jan ƙwai. Da gwamnati ta kawo da kanta da ta raba ni da wannan. Ba ta kawo ba.

Ɗaya da minti biyar jan ƙyalle ya bayyana a ƙofa. Na sa hannu a makullin inji na cire, na sake sawa. Na yi kusan minti biyar a haka. Sannan na yi bisimilla na murɗa.

Injin ya yi tari biyu ya kwanta. Nan take na kwance kusar ƙasa, baƙin mai ya fara zuba a bokiti, don ko Haj ya sake shawara, ko Sulafa ta fito ta ce in tayar, a iske aikin gama ya gama.

Na miƙe ina goge hannu. Na ji cokali yana bugun faranti a hawa na uku. Na ji tattabaru. Na ji wata mata can ƙarshen layi tana yi wa mijinta mitar tumatir. Rabona da jin layinmu haka da tsakar rana har na manta.

Sai kuma na ji injin bai mutu ba.

Gurnaninsa yana nan. Na dubi allurar ma'aunin inji, tana kwance. Na ɗora tafina a jikinsa, ba motsi. Na waiga, na waiga, sannan na gane daga bango abin yake fitowa. Na kara kunnena. Celo ne, yana riƙe da muryar injina daidai, ba ta safe ba, ba ta yamma ba, muryarsa ta ƙarfe ɗaya mai nauyi. A samanta sarewa tana yin siririn kukan tsohon bel. Farantin tagulla kuma yana yin karkarwar murfin salansa, wadda shekara uku ina cewa zan ɗaure. Suka riƙe na ɗan lokaci, kamar mutumin da ya taka matakala a duhu ya iske babu, ƙafarsa tana lilo. Farantin ya fara yin shiru, sai sarewa. Celo ya ja kaɗan shi kaɗai, shi ma ya tsaya.

Ban motsa daga jikin bangon ba har ƙofar rumfa ta buɗe. Sulafa ce, sandar goge a hannunta, Garo a bayanta da abin sauraro a wuya.

"Lalacewa ya yi?"

"A'a."

Ta dubi jan ƙwai, a mace. Ta dubi bokiti.

"Shiru na samo muku," na ce. "Rabin awa. Kowa ya yarda, har Ustaz Rafik."

Ta nemi durom ɗin dizal ta zauna a kai da fararen kayanta.

"Wata takwas, Baba. Wata takwas ina zaune a taga ina rubuta shi. Injin nan shi ne na huɗunmu. Shi ne ƙasa, mu a kansa muke tafiya. Na zaɓi ƙarfe ɗaya ne don lokacin kowa ya kunna komai, muryarsa ta fi kauri."

"Jiya na ga Garo yana girgiza kai."

"Inda ya fi fitowa nake nema, Ammo," in ji Garo. "Bangon nan kauri gare shi, yana cinye mini rabi."

Na juya wajenta. "Me ya hana ki faɗa mini?"

"Da na faɗa maka da ka yini kana goge shi. Ka canza bel, ka ɗaure salansa, ka fesa masa turare, don kada ya ba ka kunya a gaban baƙi."

Na dubi kafaɗata. Sabon bel yana rataye a kai. Na sauke shi a hankali na maƙala a ƙusa.

"Tayar da shi," ta ce.

"Ba mai a cikinsa."

"Minti nawa?"

"Ashirin da biyar, in an taya ni."

Garo ya dubi agogo. "Sau ɗaya za mu samu. In Basil ya yi tari a tsakiya, shi ke nan."

Takardar kan firji ce ta faɗo mini a rai. Na ga kamar da hannuna na ciro ta daga ƙarƙashin kwalbar na miƙa mata. Na durƙusa na fara kwance tsohuwar matatar mai. Sifana ta suɓuce mini sau biyu. Sulafa ta ba Garo sandarta, ta naɗe hannun riga ta riƙe mini mazurari. Mai ya fantsamar mata a gaba, ba ta duba ba. Ba mu yi magana ba sai "ɗaga" da "ya isa".

Biyu saura ashirin na murɗa makulli. Ya tashi lafiya lau, har da wani santsi. Na juya babban makunni, fitilu suka kama a layi.

Sulafa ta karkata kai. "Ba shi ba ne."

Ni ma na ji. Muryar ta yi sama, ta yi sakayau, kamar ta asuba. Na dubi allurar nauyi, ko rabi ba ta kai ba. Ai ni na bi su gida-gida na ce su kashe komai.

Na fita da gudu. Rabona da gudu tun Nizar yana yaro.

"Kunna duk abin da kake da shi," na ce wa mai aski. "Abin busar da gashi, fanka, tukunyar ruwa."

"Kai ka ce in kashe."

"Yanzu na ce ka kunna."

Na tsaya a tsakiyar layi na ɗaga kai sama na yi kira. "Jama'a, ku kunna komai! Injin wanki, dutsen guga, famfo, komai!"

Kawuna suka fara leƙowa daga bene.

"Wankin ai na yi shi da safe, Abu Nizar, kai ka sa ni."

"Ki sake wanke shi, Allah ya ba ki lada."

"Bawan Allah ya zautu," wata ta ce wa maƙwabciyarta, ba ta ko rage murya ba. Amma ta shiga ta kunna. Shekara ashirin da biyu ina roƙonsu su rage kaya, ba su taɓa jin na ce su ƙara ba, sai suka yi kamar an ba su kyauta. Mahauci ya tayar da injin niƙan nama ba nama a ciki. Da na koma rumfa allura tana hawa, injin ya fara nishi irin na ƙarfe ɗaya.

"Ya matso," in ji Sulafa. Ta riga ta jawo celo zuwa bakin ƙofar rumfa. "Saura kaɗan."

Akwai wata ƙaramar kusa da ke daidaita gudun inji, ba na barin kowa ya taɓa ta. Na sa mata sifana. Sulafa ta ja sanda a kan igiyar ƙasa. Muryoyin biyu suka haɗu suna dukan juna, wuu-wuu-wuu, da sauri. Na murɗa kaɗan. Dukan ya rage sauri. Na ƙara murɗa abin da bai kai kaurin farce ba. Wuu. Wuu. Sai ya ɗauke, ya zama abu ɗaya, ba ka ce ga ƙarfe ga katako ba.

"Nan," muka faɗa tare.

Ta dube ni kamar za ta ce wani abu, sai Garo ya nuna mata agogo.

"Yanzu cire hannunka, Baba. In ya hau ko ya sauka da kansa, ka ƙyale shi. Kada ka taɓa komai."

"Na ji."

"Jiya ma ka ji."

Biyu saura biyar jan ƙyalle ya koma ƙofa. Na sa hannuwana a aljihu don kada su yi abin da ban sa su ba. Daga inda nake ba na jin komai sai injin. Bel yana kuka, murfin salansa yana karkarwa, ni kuma ina zagaye rumfa kamar kaza za ta yi ƙwai. Na ƙirga minti biyar, na ƙirga goma.

A na goma sha biyar jan ƙwai ya kama.

Gwamnati ta kawo. Yini guda ina jiran ta, sai yanzu. Hannuna ya fito daga aljihu da kansa ya nufi babban makunni, don shekara ashirin da biyu abin da ya saba ke nan. Na kama shi da ɗayan. Na cire hulata na kifa a kan ƙwan.

Waya ta fara rawa a aljihuna. Ban duba ba. Ba a jima ba Haj Taufik ya shigo da kansa, yana haki, don fankar shagon gahawa, wadda ke kan wutar gwamnati, ta gaya masa. Ya dubi hular da jan haske ke fita ta gefenta, ya matso ya sa baki a kunnena.

"Gwamnati ta kawo."

"Na gani, Haj."

"To?"

"Minti bakwai."

Ya miƙa hannu wajen makunnin. Na matsa na jingina bayana a kai. Ban taɓa tare masa hanya ba tun da na fara yi masa aiki. Ya dube ni, ya dubi bango, ya dubi tabon man da Sulafa ta bari a jikin ƙofa. Sai ya ciro carbinsa ya tsaya yana ja, idonsa a kan agogo. Minti bakwai ɗin nan na ji kowanne a ƙashin bayana.

Da Garo ya buɗe ƙofa ya cire ƙyallen, na juya makunni na kashe injin. Basil ya fito da jakarsa a guje ya tare tasi.

"Ba wuta ka kashe, da wuta ka kunna," in ji Haj. "Ranar Juma'a zan sa liman ya yi maka addu'a." Ya tafi yana girgiza kai.

Na hau hawa biyar na duba Ustaz Rafik. Yana raye, ya ce kiɗan bai kai ya kashe mutum ba.

Kwana uku Sulafa ba ta ce mini komai a kan naɗin ba. Da safe ta tafi wajen Garo, da yamma ta dawo ta ci abinci ta shiga ɗaki. Takardar tana nan a kan firji. Na daina shan ruwan sanyi don kada in je wajen. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce suna saurare. Me ake saurare kwana uku a abin minti ashirin da huɗu?

Ranar Lahadi da hantsi gwamnati ta kawo, injin yana hutawa, sai ga ta a rumfa da abin sauraron Garo. Ta zaunar da ni a kan durom ta sa mini.

Injina ne. Amma ban taɓa jin sa haka ba, don kullum laifinsa nake nema. Su ukun suna shiga cikin muryarsa suna fita, wani lokaci ka rasa su, wani lokaci ka ji su a gefe suna binsa kamar masu rakiya. Ba zan ce na ji daɗi irin na waƙa ba. Amma ban so a cire mini ba.

"Nan famfon benen su Ustaz ya tashi," na ce.

Ta cire mini kunne ɗaya. "Me ka ce?"

"Famfonsu. Kin ji ya sunkuya? Yanzu mahauci zai kashe injin niƙa." Muka jira. Muryar ta ɗan ɗago.

Ta yi dariya, irin wadda rabona da ji tun uwarta tana da rai. "Garo ya yi kwana biyu yana tambayar me ya faru a wajen nan."

Da ya ƙare na riƙe abin a hannu ina jujjuya shi.

"To, ya fito?"

"Ba duka ba. Kusan."

"Kusan ɗin nan, zama ne ko tafiya?"

Ta dubi injin, ba ni ba. "Muryarsa ta lokacin sanyi daban ce. In aka kunna abin ɗumama ɗaki da tukunyar wanka, wani irin kauri yake yi. Wannan rabi ne. Ɗaya rabin sai Janairu. Na rubuta wa mutanen Berlin na ce su ba wani."

Na ɗauki tsumma na fara goge abin da ba shi da datti.

"Amma Baba, bel ɗin nan. Kada ka canza shi. Kukansa nake so."

"Ba zai kai Janairu ba, 'yar Baba. Ya fara zare."

"Kai ka san yadda za ka yi."

Da na hau gida na iske kwalbar zaitun ita kaɗai a kan firji. Takardar ba a shara take ba, na duba. Tana cikin aljihun tebur, a ninke, tare da fasfo ɗinta.

Yau sha ɗaya ga Oktoba. Sabon bel yana nan a ƙusa inda na maƙala shi. Tsohon nakan duba shi sau biyar a yini, in sassauta masa kaɗan da safe, in shafa shi da yatsa in ƙirga zaren da suka fito. Jiya bakwai ne, yau tara. Haj ya gan shi ya tambaya, na ce masa zai kai Litinin.